Magen da na yi wa tabanni

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Admin don Allah a ɓoye sunana, ko da yake na san 'yan Alƙahira da ke nan ciki layi biyu za su karanta su gane ni, to ku gane ɗin, ai dariyar kun riga kun gama yin ta a bayan idona. Ku na nesa nake roƙo, don Allah ku ba ni shawara, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku ce ai a kan mage ne kawai, don wannan "kawai" ɗin na ji shi har ya ishe ni.

Ni matar aure ce, shekararmu huɗu da aure, Allah bai ba mu haihuwa ba tukuna. Maigidana ɗalibi ne, shari'a yake karantawa a nan Masar, shi ya taho da ni daga gida. Muna zaune a unguwar Hayyin Ashir a can saman wani bene, ɗaki ɗaya da falo. Malam tun safe yake fita, in ya taso daga aji ya wuce darasin masallaci, daga nan bita da abokai, sai bayan isha'i nake ganinsa ya dawo a gajiye. Ni kuwa ba na jin Larabci, abin da na iya bai wuce na cefane ba, da khalas da ma'alish, wato shi ke nan da ba kome. Na sha roƙonsa ya sa ni ko makarantar koyon harshe ce ta nan unguwa, kullum amsar ɗaya ce, a bari gari ya lafa. Bara kuwa da gari ya rikice aka sa dokar hana fita, ko bakin titi hana ni sauka ya yi. Ban ga laifinsa ba, tsoro ya ji mini. Amma ni a gidan yawa na tashi a Zariya, gidan da in kana son ka yi shiru sai dai ka shiga bayi, sai ga ni nan ina wuni ban buɗe baki ba sai in zan yi sallah. Akwai ranar da na kama kaina ina yi wa tukunya faɗa don ta ƙi tafasa, har na tsaya ina jiran amsa.

A benenmu akwai wata dattijuwa, Bahaushiyar Sudan ce, Inna muke ce mata. Ita kaɗai nake samu mu yi Hausa, ita ma sai ranar hutunta, don aikin gida take yi a unguwar Zamalek wajen wata Bamisriya mai hali. Rannan Inna ta hawo ta same ni idona ya kumbura, ba ta tambaye ni dalili ba, sai ta ce uwar ɗakinta za ta bar ƙasar, kuma mace ce mai tsintar magunan titi tana yi musu magani tana raba wa mutane. Duk ta rabar, saura ɗaya da ta gagara. Wai duk wanda ya ɗauka sai ya dawo da ita, saboda ba ta yarda a bar ta ita kaɗai, da an rufe mata ƙofa an tafi aiki sai ta kama kuka kamar jinjiri, ta ƙi ci ta ƙi sha, maƙwabta su yi ta ƙorafi. Mai zaman gida ake nema, wadda ba ta zuwa ko'ina. Inna ta ce 'yata ai kamar don ke aka yi ta.

Na faɗa wa Malam, ya yarda ba musu, har da yi mini karatu a kan cewa mage ba najasa ba ce, ko ta sha ruwa a kwano ana alwala da shi. Ku riƙe wannan, da izininsa na ɗauko ta.

Muka tafi da Inna. Matar ta zaunar da ni tana tambaya Inna na fassara, kina aiki, na ce a'a, kina makaranta, na ce a'a, kina yawan fita, na ce a'a. Duk amsar da ni kunyar ba da ita nake ji, ita sai ta yi murmushi ta ce tamam, wato ya yi daidai. Wallahi tun da na zo ƙasar nan ranar ce ta farko da zaman gidana ya zama abin nema. Aka fito da magen, jar mage ce, ido ɗaya gare ta, ƙafar baya tana ɗingishi don mota ta taɓa buge ta, sunanta Mishmisha. Matar ta riƙe hannuna ta ce abu ɗaya take roƙo, kome wuya kada in mayar da ita titi, don ba ta iya gudu, ba ta iya faɗa, kwana kaɗan za ta yi. Na ɗaukar mata alkawari da sunan Allah. A cikin hirarsu kuma na ji suna ta maimaita wata kalma, tabanni, tabanni, da muka fito na tambayi Inna, ta ce ai shi ne ki ɗauki abu ki riƙe shi ya zama naki. Na ce madalla, na samu ƙarin Larabci, na adana.

Ba zan cika ku da labari ba, amma tun da Mishmisha ta shigo gidan nan na dawo mutum. In ina girki tana gindin ƙafata, in na tayar da sallah tana gefen sallaya ta naɗe, in na zauna tana cinyata. Ciwon kan da kullum nake sha wa magani na neme shi na rasa. Ta koyi Hausa ma, in na ce sauka ta sauka, in na ce zo nan ta yi kamar ba da ita nake ba, sai ta ga dama. Malam da kansa in zai dawo yakan biya wajen mai kifi ya karɓo mata kawuna. Wahalarta ɗaya ce, ba na iya daɗewa a waje, ni kuwa dama ina zan je.

To sai aka yi suna a gidan wani abokin karatunsa, na je, falo cike da matan ɗalibai, yawancinsu su ma karatu suke yi, Larabci a bakinsu kamar ruwa. Kullum in an haɗu ni ce ta gefe, ana magana ina murmushi kamar kurma. Wata ta ce kwana biyu ba a ganinki Maman gida, kin ma yi kyau, me ake ciki. Ni kuma ƙaramin sani ƙuƙumi, na ga yau dai ni ma in jefa tawa kalmar, sai na ce ai tabanni na yi, shi ya ɓoye ni. Matan suka kalli juna. Ni na ɗauka burge su na yi. Wata ta ce mace ko namiji, na ce mace. Aka ce a ina kika samu, na ce a titi aka tsince ta, ido ɗaya ne da ita amma ga ladabi. Aka ce Malam ya sani, na ce shi ke sayo mata kifi. Wata Malama da ake ji da ita ta fara cewa ai tabanni haramun ne a Musulunci, ni kuma na duba na ga na daɗe, na ce ku yi haƙuri na bar ta ita kaɗai a kulle, yanzu haka tana can tana kuka, na suri jakata na fito. Ko sau ɗaya kalmar mage ba ta fito daga bakina ba, kuma a cikin matan nan masu ilimi ba a samu ɗaya da ta biyo ni bakin ƙofa ta ce 'yar uwa me kike nufi ba.

Ashe a Larabcin littafi, wanda su suke karantawa, tabanni shi ne mutum ya ɗauki ɗan wani ya mayar da shi ɗansa har ya ba shi sunansa. Mutanen gari ne suke faɗinsa har ga dabba. Ni ina zan sani, wa ya koya mini? Magana kuwa zarar bunu ce, kafin gari ya waye sau biyu ta tsallaka har Najeriya, wai matar Malam ta gaji da jiran haihuwa ta tsinci 'yar Larabawa mai ido ɗaya, kuma kulle ta take yi a ɗaki ta tafi biki. Hajiya mahaifiyarsa ta kira shi tana salati tana kuka. Ya dawo gida ranar ko sallama bai yi da kyau ba, ya ce na zubar masa da mutunci a gaban malamansa, shi mai karanta shari'a a ce a gidansa aka yi tabanni. Na ce da ka sa ni makarantar da nake roƙo da ban yi wannan kwaɓar ba. Ya ce ba wannan ake magana ba. Na ce ita ce maganar.

Na ɗauka in aka bayyana cewa mage ce shi ke nan, ashe tsugune ba ta ƙare ba. Abin ya tashi daga abin kunya ya koma abin dariya, kuma na gane dariya ta fi zagi daɗewa. Abokansa suka laƙa masa alkunya, kun san al'adar Larabawa ta kiran mutum da sunan ɗansa, sai ga shi an koma ce masa Abu Mishmisha, wato baban Mishmisha, a aji, a masallaci, har a waya. Ni kuma matan in mun haɗu a kasuwa sai su ce Ummu Mishmisha ya mai jiki, an fara yaye? Suna yi suna ƙyaƙyatawa, wai wasa ne. Wadda ta san ba ki taɓa ko ɓari ba ta tambaye ki yaye, ta ce wasa ne.

Sai Hajiya ta sake kira, wannan karon ni ta nema. Na durƙusa da wayar a kunne kamar tana ganina. Ta ce dama ta san akwai dalili, gashin mage in ya shiga cikin mace haihuwa yake hanawa, kuma ba kowace mage ce mage ba, balle mai ido ɗaya da aka tsinta a ƙasar Fir'auna. Ta ce a fitar da ita. Na ce to Hajiya, don ban iya musu da babba ba, amma a raina cewa nake shekarun da muka yi babu ko ɓera a gidan wa ya hana? Wannan tambayar har yau tana maƙale a wuyana, ban da inda zan ajiye ta sai nan.

Yanzu Malam ya yanke hukunci, ya ce kafin Juma'a mai zuwa ba ya son ya dawo ya tarar da ita. Ya ce in sauke ta bakin bola, garin nan cike yake da maguna, za ta bi 'yan uwanta. Na tuna masa alkawarin da na ɗauka da sunan Allah, na ce kai ne mai karatu, faɗa mini hukuncinsa. Ya ce umarnin uwa da na miji sun fi alkawarin wata Bamisriya. Na nemi mafita iyakar iyawata. Matar ta bar ƙasar, lambarta ba ta shiga. Inna wuni take a wajen aiki, a sabon gidan da ta samu. Na tambayi mata biyu da nake ganin suna da kirki, ɗaya ta ce yaranta tsoro suke ji, ɗaya ta yi dariya ta ce ita ba ta tabanni. Na gwada ma, kada ku ce ban gwada ba, na kai ta can rufin bene na ajiye mata ruwa da abinci na sauko na rufe ƙofa. Kukanta ya biyo ni har kicin. Na toshe kunne, na kunna rediyo, na kasa. Da na koma na same ta ta maƙale a jikin ƙofa, manyan magunan rufin sun cinye abincin sun yage mata kunne. Na ɗauko ta ina kuka tana kuka.

Abin da ya sa na kasa yi masa taurin kai gaba ɗaya kuwa, shekaranjiya ne bayan mun yi cacar baki na ce masa wai duk wannan don abokanka sun tsokane ka ne, sai ya ce shekara huɗu yana jiran ranar da za a kira shi Abu wane, da aka tashi kiransa sai da sunan mage. Bai ƙara kome ba ya shiga ɗaki. Ban taɓa jin ya yi maganar rashin haihuwar nan ba sai ranar, kullum cewa yake lokaci ne. Na ji tausayinsa har cikin raina, kuma na ji haushinsa, don shi yana da aji da masallaci da abokai, ko masu tsokanar ne, ni kuwa abu ɗaya nake da shi mai numfashi a gidan nan daga safe zuwa dare, shi ne ake cewa in kai bola.

To jama'a ga inda nake. In na bi umarni na saɓa alkawarin Allah, kuma na san abin da zai same ta a titi, da idona na ga somin-taɓi. In na ƙi na saɓa wa miji da uwar miji a kan dabba, a ƙasar da ba ni da kowa. Malamai da ke zauren nan ku faɗa mini wanne ya fi nauyi. Matan aure ku faɗa mini ta yaya ake lallashin namijin da dariyar mutane ta ji wa ciwo. In kuma akwai wadda ke nan Alƙahira, mai zaman gida wuni guda, wadda ba za ta rufe mata ƙofa ta tafi ba, ta yi wa admin magana, zan kawo mata ita da kwanonta da hannuna, ba na cewa ba zan iya ba. Sai dai kafin ku ce in miƙa ta, ku amsa mini wannan, don ita ce ba wanda ya tambaya, daga Malam har Hajiya har masu dariya. Ita a ce an samo mata wadda za ta wuni da ita. Ranar Asabar in Malam ya ja ƙofa ya fita, ni wa zai wuni da ni?