Ranar da Kawu Lucius Ya Ƙwanƙwasa Ƙofa

Hattiesburg, Mississippi
9 ga Yuni

Zuwa ga ƙanena Thaddeus,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, tare da addu'ar wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Marisol da 'yan tagwaye. Allah ya raya mana su, ya tsare ka a wannan aikin bututun mai da ka je ka maƙale masa a Alaska, inda ko tsuntsu sai ya yi shawara kafin ya je. Mu nan lafiya gwargwado. Zafi ya sauka tun ƙarshen Mayu, Gwaggo Vernell ta sake zamewa a banɗaki amma ba ta karye ba, 'yar Darnell kuma ta sauka, an sami namiji. Da gangan na rubuta maka da hannu, don na san halinka a waya: da an ambaci Baba sai ka ce layi ba kyau. Takarda ba ta da layi, sai ka nemi wuri ka zauna ka karanta ta har ƙarshe.

Ka san yadda Janairu take a gidan nan tun muna yara. Shekara goma sha uku Baba ya yi a sahun gaba a wasan ƙwallon zari-ruga irin namu na nan, yana karo da ƙarti, hular kwano da hular kwano, don ya buɗe wa wani hanya ya wuce da ƙwallo. A duk shekarun nan sau biyu kacal ya taɓa ƙwallon da hannunsa, shi ma don wani ya yar ne ya faɗa a kai. 'Yan jaridar da ke zaɓen waɗanda za a shigar Zauren Gwaraza kuwa lamba suke son gani, wa ya ci nawa, wa ya yi gudun nawa, shi kuma aikinsa ba ya barin lamba, sai karkatattun yatsu da gwiwoyin ƙarfe. Shekara talatin ana ambaton sunan Otha Pettaway ana tsallakewa. To bana, a rukunin tsofaffi, ya kai zagayen ƙarshe, su biyar. Ka kuma san al'adarsu: wanda ya samu ba a gaya masa ta waya, wani daga cikin 'yan Zauren ne zai zo har gida sanye da kwat ɗin nan mai ruwan zinare ya ƙwanƙwasa ƙofa. Wanda bai samu ba, shi ake buga wa waya. Don haka tun biyu ga Janairu Baba ya sa na jawo masa kujerarsa kusa da ƙofa. Kullum da safe in gyara masa fuska, ya sa farar riga da kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya zauna. Cocin ma ya daina zuwa, asibiti ya daina, wai kada su zo su tarar ba ya nan.

Wayar ta zo wata Talata da hantsi, ina wanke wake. Mutumin ya yi magana da ladabi, ya ce ƙiris ya rage, ya ce akwai baɗi. Na ce masa shekarun Baba saba'in da takwas, na ajiye. Na je na durƙusa gaban kujerar na gaya masa. Ya tuɓe kwat ɗin ya ninke ta a cinyarsa, ranar ko ruwa bai sha ba. Washegari, Tad, na fito na tarar ya sa rigar da kansa, maɓallan a karkace, yana tambayata ko na ji tsayuwar mota. Abin da ban taɓa fito maka da shi fili ba shi ne kan Baba ya tafi fiye da yadda kake zato. Likita ta ce karon da ya sha yi da kai a shekarun wasa ne yake fitowa yanzu. Yakan kira ni da sunan Mama, na taɓa samun takalminsa a firji. Sau huɗu na gaya masa ba a zaɓe shi ba, sau huɗu ya ji labarin sabo, a na huɗun ya yi kukan da bai yi ba ko ranar da muka binne Mama. Daga nan na rantse ba zan ƙara ba. Na rubuta takarda na manna a ƙofa, don Allah kada kowa ya ƙwanƙwasa, a zagaya ta baya, domin ko mai kawo wasiƙa ya taɓa ƙofar sai Baba ya zabura. Haka muka ci Fabrairu, yana tsaron ƙofa ina tsaronsa.

Ana wata sai ga wata. Ka tuna Kawu Lucius Gatewood, wanda ya yi shekara tara yana gudu da ƙwallo a bayan Baba, ya kuma shiga Zauren tun kana firamare? An gayyace shi wata makaranta a Jackson ya yi wa yara jawabi, sai ya ce bari ya ƙaraso ya yi wa abokinsa jaje. Daga wajen taron ya taho, da kwat ɗin a jikinsa. Tsohon nan ba ya gani sai da tabarau, tabarau kuma ya bar shi a mota. Takarda tana gaban hancinsa bai karanta ba, ya ɗaga ƙaton hannun nan nasa ya buga sau uku. Ina kicin na ji, ludayi ya suɓuce mini. Kafin in iso, Baba, wanda sai da sanda biyu yake kai kansa banɗaki, ya miƙe ya buɗe ƙofar. Ya ga ruwan zinare. Ya rungume Kawu Lucius har ya kusa kayar da shi, yana ta faɗin ashe kai suka aiko, ashe kai suka aiko. Kawu Lucius ya dube ni ta saman kafaɗarsa, baki buɗe, sai a lokacin ya gane abin da ya aikata. Ya bar mini magana. Ga laifina nan, ba zan ɗora wa kowa ba, ni ce na buɗe baki na ce, "Barka, Baba. Allah ya yi."

Na ja Kawu Lucius kicin na wanke shi tas, ban duba furfurarsa ba. Na ce shekara nawa yana sa rigar nan amma bai san abin da take nufi a bakin ƙofar mutum ba? Ya zauna a kujerar Mama ya dafe kai, ya ce shi don girmamawa ya bar ta a jiki, ya ce duk takun da ya yi a fili ta kafar da Otha ya buɗe ya bi, rabin rigar ma ta Otha ce. Har ya tuɓe zai bar masa. Na ce ya mayar da abarsa, hannun Baba ɗaya ma ba zai shiga ba. Muka lallashi kanmu da cewa kafin gobe ya manta, yadda yake manta komai. Na zuba masa soyayyiyar tarwaɗa da burodin masara, ya taɓa kaɗan ya kama hanyar Houston.

Bai manta ba. Mutumin da ba ya tuna ko ya karya kumallo, wannan ta zauna masa daram. Ya koma cin abinci, ya koma waƙa a banɗaki, ya yi kusan mako biyu yana kirana da sunana. Yanzu kuma fita yake so, a kai shi shagon askin Percy, a kai shi coci, a kai shi filin tsohuwar makarantarsu. Ni ce kuma nake hanawa. Duk garin nan an ga sunayen a talabijin, kowa ya san babu nasa, ka kuma san bakin mazauna shagon Percy, ba za a yi minti biyar ba wani zai ce masa sannu da haƙuri. Na zare wayar talabijin na ce ta lalace. Jarida a bakin titi nake tare ta in cire shafin wasanni. Duk mai shigowa sai na tsayar da shi a ƙofar baya na biya masa abin da zai faɗa. Da can shi ya kulle mu, yanzu ni na kulle mu, rabona da in wuce kantin kan kwana tun kafin Kirsimeti. Ya tambayi ina telan da zai auna shi don ɗinkin kwat ɗin Zauren, na ɗauko tef ɗin awon Mama na auna na ce zan aika. Ya tambayi ina mai yin mutum-mutumin tagulla da ake yi wa duk wanda aka shigar, na auna kansa da wannan tef ɗin, ya zauna ƙyam yana cewa in gaya musu kada su miƙe masa hanci, yadda aka karya shi haka yake son abinsa. Na san ramin ƙarya ƙurarre ne, ga kuma Agusta, watan bikin, tana tahowa. Gaba kura baya sayaki. Wani lokaci ina shanya a bayan gida sai in ji kamar in ajiye kwandon in bi titi in yi ta tafiya, sai in ji yana kira in koma.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Duk wanda za a shigar yakan zaɓi mutum ɗaya da zai tsaya gaban jama'a ya gabatar da shi, ya yaye mayafin da aka rufe mutum-mutumin. Ranar Lahadin da ta wuce, bayan mun ci abinci, ya ce ya yanke shawara. Ba zan ɓoye maka ba, har da gyara zama na yi. Shekara shida ke nan da na bar aikina a Memphis na dawo, ni ke yanke masa farce, ni ke ɗaure masa takalmi. Sai ya ce Thaddeus. Raina ya ɓaci ƙwarai, na tashi na hau kwashe kwanuka ina buga su. Na ce Thaddeus ɗin da ka kira matsoraci a gaban kowa ranar da ya ajiye hular kwano a jami'a, bayan ya suma a fili karo na uku? Wanda ya yi shekara goma sha huɗu bai kwana a gidan nan ba, ko jana'izar Mama a otal ya sauka? Na ɗauka wannan ma ta goge masa. Ya dubi hannuwansa, sannan ya yi magana da muryarsa ta da, wadda ka sani.

"Na tuna. Yaron nan ya fita da kansa lafiya, ni ban fita da nawa ba. Shi ke da gaskiya. A gaban mutane na zage shi, a gaban mutane nake so in gaya masa."

Na zauna da kwano a hannu. Tun ranar kullum sai ya sa ni rubuta jawabinsa a bayan ambulan. Sauran yana canzawa, jiya ma ya gode wa wani koci sau uku, amma kullum da wannan maganar yake farawa.

Mun yi waya da Kawu Lucius mun tsayar da Asabar ta farko a Agusta, a bayan gida, ƙarƙashin bishiya. Zan ce likita ta hana shi doguwar tafiya, wannan kam gaskiya ne, don haka biki ya biyo shi gida. Kawu Lucius zai zo da biyu daga cikin tsofaffin abokan wasansu, ya kuma sami tela a Houston na ba shi awon. Fasto Renfro ya ce shi ba zai tsaya ya yi ƙarya ba, amma kujerun coci ba su san ƙarya ba, a zo a ɗauka, shi zai yi addu'a ya koma ya zauna. Mutum-mutumi babu, hotonsa na zamanin wasa zan rufe da zanen tebur. Duk wannan zan iya. Abu ɗaya ne ba ya aruwa ba ya ɗinkuwa, shi ne kai. In ba ka zo ba zai tambaya, dole in koma in durƙusa gaban kujerar nan karo na biyar, wannan karon har da labarin ɗansa ya ƙi zuwa. Ba zan iya ba, Tad. Ban ce ka yafe masa ba, wannan tsakaninka ne da Allah. Ina wurin ranar da ya yi maka abin da ya yi, ban buɗe baki ba, har yau abin yana cina. Amma likita ta ce kada mu sa rai zai gane mu baɗi. A cikin duk ƙaryar da na shirya wa ranar nan, maganar da yake son gaya maka ita kaɗai ce gaskiya, kuma taka ce.

Ka gaishe mini da Marisol, ka ce na gode da hotunan, suna nan a jikin firji. Ka shafa mini kan 'yan tagwayen, Imani da Isaiah, in da hali ka taho da su, bai taɓa ganinsu ba. Gwaggo Vernell tana gaishe ka, ta ce in tuna maka zumunta a ƙafa take, ita da ƙafar ta gagara. Darnell da iyalinsa da Fasto Renfro duk suna gaisuwa.

Shekaranjiya Baba ya sa na mayar masa da kujerarsa bakin ƙofa. Na tambaye shi me kuma yake jira tunda an riga an zo, ya ce kai. Takardar tana nan manne, amma ba da kai take ba. In ka iso kada ka zagaya ta baya kamar kowa. Ka hau baranda ka ƙwanƙwasa da ƙarfi, shi zai buɗe maka.

Yayarka mai zuba ido,
Odessa