Dutsen Niƙan Inna

Daga Ermgard, ƙauyen Eskel, zuwa ga ƙanena Wigbold, magini a gidan Ubangida Rotger

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Fada Ansgar ne ke rubuta min, kuma tun ban buɗe baki ba ya ce in sassauta harshe. Na ce ya rubuta yadda ta fito, in da zunubi a ciki nawa ne.

Wigbold, an ƙwace dutsen niƙan Inna. Wakili Dankwart ya zo da dakaru suna bi gida gida, wai duk wanda ke zaune a gandun ubangida ba shi da ikon niƙa ko ƙwaya ɗaya a ɗakinsa, sai dai ya kai maniƙar bakin kogi, wadda ruwa ke juyawa. Dokar tsohuwa ce, na sani, amma kakan Rotger ma kau da kai yake yi. Wannan kuwa ya gina sabuwar maniƙa, dole ta ci. Da na ji ihu a gidan maƙwabciyarmu Gisla sai na sunkuci ɗan dutsen na sama na cusa cikin toka, na zauna a bakin murhu kamar mai jin sanyi. Uwar dutsen ce ta fi ƙarfina. Suka mirgina ta waje Baba yana kallo.

Ka san Hunold mai maniƙa. Ka kai masa buhu cike, ya dawo maka da shi a rame, garin ma duk tsakuwa. In ka yi magana ya ce kason ubangida ne da na dodon ruwan da ke juya masa taya. Dodon nan wa bai taɓa hango bayansa a kogi ba? Kifi yake ci, bawan Allah. Wanda ke cin sha'ir ɗinmu wando yake sawa, tumbinsa har ya hana shi ganin ƙafarsa.

Ni ba ta kaina nake ba. Baba ba shi da haƙori ko ɗaya, cikinsa kuma ba ya karɓar komai sai kunu mai laushi, wanda nake niƙawa in sake niƙawa kowace safiya. Kai kana cin burodin gidan, kunnen wakili na kusa da bakinka. Ka roƙa a dawo mana da abinmu. In ka manta kamarsa, shi ne mai ɓalli a gefe, inda ka sare shi da gatari kana yaro Inna ta zane ka.

Ka huta lafiya. Yayarka, Ermgard.

Daga Wigbold zuwa ga Yaya Ermgard

Bayan gaisuwa ta girmamawa da tambayar jikin Baba, takardarki ta iso ni, na kuma karanta da nauyin zuciya.

Ina roƙonki, Yaya, ki daina sa a rubuta irin waɗannan kalmomi. Mai kawo takarda ta ƙofar wakili yake wucewa. Kada kuma mu manta ubangida ne ke tsare mu daga mutanen tsauni da kyarketai, ganuwa kuwa ba da iska ake gina ta ba. Kowane gandu da dokarsa.

Na yi roƙon da kika ce. Wakili ya yi dariya, ya tambaye ni ko aikin ne ya ishe ni.

Akwai abin da gara ki ji daga bakina. Ubangida ya yi umarni a shimfiɗa duwatsun da aka karɓo a daɓen sabon zaurensa, domin duk talakan da ya zo gaisuwa ya gan su ya tuna. Ni ne maginin gidan, saboda haka ni aka ba aikin. Na gane namu da ɓallinsa tun yana cikin amalanke. Na yi iyakar abin da zan iya: na sa shi ƙarƙashin kujerar ubangida, inda takalmi ba ya taka shi.

Ga ɗan gari mai laushi daga rabona, ki dama wa Baba. Ki yi haƙuri, komai mai wucewa ne.

Allah ya bar mu tare. Ƙanenki mai biyayya, Wigbold.

Daga Ermgard zuwa ga Wigbold

Ina gaishe ka, don Inna ta koya min gaisuwa.

Ƙarƙashin kujera! Madalla da kai. Ashe dutsen Inna ya samu girma, ba a taka shi, zama ake yi a kansa. Dutsen da ya ciyar da kai har ka yi ƙwanjin ɗaga guduma, shi ka ɗauka da hannunka ka shafa masa laka ka danna a ƙasa don Rotger ya ɗora abin zamansa. Fada ya ce ba zai rubuta ainihin kalmar da na faɗa ba. Kai dai ka san ta. Tir!

To, ga labarin da bai kai zaurenku ba. Kogi ya daskare. Taya ta tsaya cik, dodo ya shige ƙarƙashin ƙanƙara ya yi barcinsa, Hunold ya garƙame ƙofa ya koma gindin wuta. Kowace shekara haka yake yi, kuma kowace shekara duwatsunmu ne ke fitar da mu hunturu. Wanda ya kafa dokar nan bai taɓa niƙa ko cikin tafi ba, ina zai san ruwa na daskarewa?

Garin da ka aiko ya ƙare, na gode. Yanzu sha'ir nake dafawa yadda yake, in daka da gindin itace, in tace da tsumma. Ba ya zama a cikinsa. Har taunawa nake yi da bakina in ba shi, kamar tsuntsuwa da ɗanta. Jiya ya ce min, "Ermgard, garin nan ya yi shiru. Ina ƙarar dutse?" Na ce masa an kai gyara wurin ɗansa magini. Wallahi murmushi ya yi.

Na je har ƙofar ganuwa, dusar ƙanƙara iya gwiwa. Dankwart ya leƙo ta taga ya ce, "Ke tsohuwa, ki jira bazara mana." Na ce, "Ranka ya daɗe, ni zan jira. Cikin ubana za ka je ka gaya wa." Ya sa aka sako min kare.

Ka ce komai mai wucewa ne. Gaskiyarka, ga Baba nan yana wucewa.

Yayarka, in har kana da ita. Ermgard.

Daga Wigbold zuwa ga Yaya Ermgard

Yaya, ina gaisuwa. A tsaye nake rubutu, ki yi haƙuri da hannun.

Kin yi gaskiya, kuma abin ya zo har teburinsu. Gari ya ƙare a gidan nan ana shirin bikin Kirsimeti, ga baƙi sun cika ɗakuna. Aka kawo wa ubangida dafaffen sha'ir a akushin azurfa, ya yi jifa da shi. Sai ga Dankwart yana min tsawa: "Kai magini, tono min duwatsun nan, kuyangi su yi niƙa!" Daɓen da ya tsaya a kaina na shimfiɗa, shi ya tsaya a kaina na farfasa. Ko kunya babu. Na tambaye shi, mutanen ƙauye fa? Ya ce doka tana nan yadda take, wannan niƙan ubangida ne.

Nan ne zuciyata ta ƙare, Yaya. Da aka janye kujera na ciro namu, na mayar da falalen dutsen kogi a gurbinsa, aka mayar da kujera. Mai zama ba ya duba ƙarƙashinsa. Odo mai amalanke zai kawo miki shi cikin ɓaraguzan gini. In aka gane, bulala ce da kora, wataƙila har da sare hannu. Su ɗauka, hannun da ya binne shi ne.

Ki ɓoye shi da kyau, don za su sake bin gidaje. Ki gaya wa Baba an gama gyaran.

Ƙanenki, Wigbold.

Daga Ermgard zuwa ga ƙanena Wigbold

Ina gaishe ka.

Dutse ya iso. Baba bai jira shi ba. Muna dawowa daga binne shi muka tarar da amalanken Odo a ƙofa.

Ban ɓoye shi ba, na gaji da ɓoyo. Mun kafa shi a kan kabarin Baba a makabartar majami'a, na tono ɗansa daga toka na ɗora masa. Dankwart ya zo ya tsaya a bakin shinge yana huci. Fada ya ce masa alamar kabari ce, ƙasar nan kuma ba ta Rotger ba ce, in yana da ƙarfin hali ya shigo ya cire. Bai shigo ba.

Matan Eskel suna zuwa yi wa Baba addu'a safe da yamma, kowace da ƙunshi a ƙarƙashin mayafi, su koma gida hannuwa fari fat da gari. Yana raye bai taɓa yin baƙi haka ba. Fada ya ce idonsa ya yi rauni, kunnensa ma haka.

Rotger kam ban yafe masa ba har abada. Kai kuwa ka taho tun hannunka na jikinka, ka gaishe da Baba. Yana jin ƙarar dutse yanzu. Ka zo da sha'ir.

Yayarka, Ermgard.