Na Sace Katin Gem Ɗin Aminina, Na Ɗora Wa Matarsa Laifi

Assalamu alaikum Anti da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku daure ku kai ƙarshe kafin ku yanke min hukunci.

Gyaran kwamfuta nake yi a Dutse. Ina da amini tun firamare, bari in kira shi Sadisu. Shekara biyu ke nan da ya yi hatsarin babur a hanyar Jahun, tun daga nan yake kan keken guragu. Da kwamfuta yake ciyar da gidansa, yana zana katin biki da fosta, kuma gem ɗin ƙwallo ne kaɗai ke sa shi dariya. Bana yayansa ya aiko masa da girafik kad, wato katin da ke sa hoton gem ya fito tas ba ya sarƙewa, irin wanda na daɗe ina kallo a waya ina haɗiyar yawu. Ya kira ni da murna ya ce, "Mutumina, zo ka sa min!"

Ina buɗe kwalin na san zai hau. Ramin madabod ɗinsa, wato babban allon cikin kwamfuta, daidai ne, fawa saflai ɗinsa mai ba ta wuta zai ɗauka, akwatinta ma da fili. Amma me na ce? Na girgiza kai na ce, "Kash, wannan ya fi ƙarfin injinka, kana kunnawa zai ƙona komai. Kawo in kai Kano a musanya maka da wanda ya dace." Har addu'a ya yi min. Ban je ko'ina ba. Tsohon katina da fankarsa ke tsayawa na goge na kai masa, nasa kuma na sa a tawa kwamfutar.

Bayan sati uku katin ya yi zafi ya ƙone, ya tafi da madabod ɗin, aikinsa ya tsaya cak. Da na je dubawa ya tambaye ni me ya jawo. Matarsa na tsaye da farantin abincin da ta kawo min. Na ce, "Ruwa ne ya shiga. Wa ke goge ɗakin nan?" Ta ce, "Wallahi Yaya, busasshen tsumma nake sawa." Na kalle ta ido cikin ido na ce, "Ni dai alamar ruwa na gani." Sadisu ya daka mata tsawa, "Kin gaji da gurgu, shi ne za ki kashe min sana'a?" Matar da take yi masa wanka tun ranar da aka sallamo shi daga asibiti! Washegari ta tafi gidansu Kafin Hausa. Yanzu tsohuwarsa ce ke fama da ɗaga shi. Ni kuwa ranar na cinye abincin nan, na koma shago na buga gem, kuma na ji daɗinsa. Wane irin mutum ne ni?

Jiya mahaifin matar, dattijon malami, ya kira ni. Ya ce, "Ɗana, ranar Juma'a za mu zauna sulhu. Sadisu ya ce maganarka kaɗai zai yarda da ita. Ka zo ka faɗi abin da ka gani tsakaninka da Allah." In na faɗi gaskiya na rasa Sadisu, kuma babu mai sake kawo min kwamfuta a garin nan. In na maimaita ƙaryar, auren ya mutu. Yau Laraba. Me zan yi?