Ranar da Na Fita Daga Ɗakin Taro

Unguwar Tudun Wada, Daura.

Zuwa ga Yaya Mansur,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali, ina roƙon Allah Ya ƙara maka sauƙin ciwon gwiwar nan, Ya raba ku da ruwan Fatakwal da ba ya jin kira. Mu nan Alhamdulillahi. Inna Zinariya ta warware, har ta koma faɗa da awakinta. An yi kaka lafiya, gero ya yi kyau, wake ne dai tsutsa ta taɓa.

Na ji saƙonka ta bakin Harisu, cewa labari ya iske ka wai na wulaƙanta Baffa Audi a Kano, har ya rantse ba zai yi waliccin auren 'yata Fadila ba. Rantsuwar gaskiya ce. Sauran kuwa, zancen da ya taso daga garin Babban Mutum ya kai bakin teku dole ya yi ƙiba a hanya, don haka bari in faɗa maka yadda aka yi.

Tun da aka sa ni cikin hukumar daraktocin kamfanin man gyaɗan nan na Kano, mutanenmu suka ɗauka an ba ni mukullin masana'anta. Ba haka ba ne. Mu goma sha ɗaya ne, masu hannun jari suka zaɓe mu a taronsu na shekara, su ne kuma za su iya sauke mu. Huɗu ma'aikatan kamfanin ne, cikinsu har da manajan darakta mai tafiyar da aikin yau da kullum. Shugaban hukuma wani ne daban, don kada mutum ya zama shi ne mai yanka shi ne mai rabo. Mu uku ana ce mana masu zaman kansu, wato ba mu da hannun jari, ba mu da ɗan'uwa a ciki, aikinmu mu sa ido mu yi tambaya. Sauran ukun wakilan manyan masu hannun jari ne. Sau huɗu muke zama a shekara, ban da zaman kwamitoci: na bincike, na lura da haɗari, da na naɗe-naɗe. Ko masinja ba ni da ikon ɗauka.

To, Baffa ya nemi ya riƙa kawo wa kamfanin gyaɗa daga Baure da Kongolam. Bai gaya mini ba, wai yana so ya ba ni mamaki, ya kuwa ba ni. A saman takardarsa, da manyan baƙaƙe, ya sa aka rubuta cewa shi ƙanin mahaifin Yazid ne, darakta. A ganinsa ya yi abin da kowane dattijo ke yi idan ya shiga baƙon gari, ya faɗi gidan da ya fito. A dokar kamfani kuwa, duk cinikin da ya shafi dangin darakta ba manajan saye ke yanke shi ba, sai ya hau gaban hukuma. Takardar da za a gama da ita a mako guda sai ta jira zamanmu.

Ranar zaman ya zo Kano da kansa, ya zauna a ɗakin baƙi. Da aka iso kan maganarsa, sakatariyar kamfani, Hajiya Ikilima, ta tambaya ko akwai mai alaƙa da batun. Na ce baffana ne. Ta rubuta, na ɗauki hulata na fita, kamar yadda ƙa'ida ta ce. Ƙofar kuwa a ɗakin baƙi take buɗewa. Ya ɗago ya gan ni, ya tambaye ni ko har an gama, na ce yanzu aka fara. Muka zauna kujera na kallon kujera kusan minti arba'in. Na ji nauyin zaman nan ƙwarai, Yaya, ba zan ɓoye maka ba. Hukuma ta ce a gwada tayinsa da na wasu mutum biyu a kawo zama na gaba, kafin nan kuwa kakar gyaɗa ta wuce. Ya koma gida yana cewa ɗan da ya goya ya ji an ambaci sunansa ya tashi ya bar wurin.

Na je wajensa a Babban Mutum sau biyu, na yi bayanin kwamiti da ƙa'ida har bakina ya bushe, bai ko dube ni ba. Inna ce ta sa aka kai ta wajensa. Ba ta san mene ne darakta ba, ba ta kuma tambaya ba. Harisu, da ya kai ta, ya ce tambayarsa ta yi me ya sa tun farko aka ce shi zai ba da Fadila, alhali ubanta na da rai da baki. Ya ce ai uba ba ya tsayawa kan maganar 'yarsa, ja da baya yake ya bar wani ya yi. Ta ce to ita abin da ta ji an ce yaron ya yi a Kano ke nan, kuma a gidan nan ya koya. Harisu ya ce Baffa goro kawai ya ɓara ya miƙa mata.

Har yau bai kira ni ba, ni ma ban matsa ba. Ɗaurin aure na nan Asabar ta biyu bayan Mauludi, a ƙofar gida. Na so in roƙe ka ka zo da shirin tsayawa a madadinsa, amma shekaranjiya direban motar Baure ya sauke wani ƙunshi a gidanmu, ba wasiƙa ba saƙon baki. Babbar rigarsa ce ta shadda, ya aiko a kai masa wajen masu bugu. Don haka ka zo kawai ka zauna kusa da ni a baya, mu yi shiru tare.

Ka gaida Yaya Khairunnisa da Jafaru da Ummukulsum. Inna, Sadiya da amarya duk suna gaishe ku. Allah Ya kawo ku lafiya.

Ƙaninka,
Yazid