Bana Ban Yi Bizne Ba, Yaya

Assalamu alaikum, Yaya Ummaru. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Damina ta tara ke nan da muka kai ka makwancinka a Lambara. Gida lafiya, sai gwiwata da ta fara yi mini gardama.

Maganar irin geron Baba ce ta sa na ɗauki alƙalami, wanda ka damƙa mini a tulu da toka, ka ce kada ya ƙare a hannuna.

Ka san yadda kake yi. Da shamuwa ta sauka kan tsamiyar masallaci, sai ka fita kai kaɗai da sungumi, ka binne iri a busasshiyar ƙasa tun kafin ɗigon ruwa ya faɗo. Bizne ke nan. Kakan ce gara iri ya jira ruwa a gona da ruwa ya iske shi a rumbu. Kuma ruwan yakan zo, mu riga kowa cin tumu.

Na bi hanyarka shekara takwas ban saɓa ba. Bara waccan na yi bizne, ruwa ya sauka sau ɗaya, gero ya tsiro kore shar, sai sama ta rufe bakinta kusan mako uku. Ya ƙone a tsaye. Bara ma haka, har sau biyu. Abin da ya rage a tulun yanzu bai wuce mudu biyu ba.

'Yarka Hajara, wadda ka bari tana aji uku na sakandare, yanzu ita ke koyar da kimiyya a Bodinga. Ranar kasuwar Shagari ta ja ni wurin wata motar haya da aka bari a rana, gilasai a rufe, ta sa na zura hannu ciki. Kamar tanderu. Ta ce hasken rana na shiga ta gilashi, zafin kuma ya rasa hanyar fita. Wai haka iskar da ke samanmu take: tun asali tana riƙe wani abu na zafin, ba don haka ba da sanyi ya kashe mu. Amma hayaƙin fetur da gawayi da na masana'antu ya yi ta taruwa a can, abin da ake riƙewa ya yi yawa. Duniya ta ɗumama, iska da teku suka sake hali, ruwan sama ya daina kiyaye lokacinsa.

Na tambaye ta hayaƙin wa. Ta ce mafi yawansa na ƙasashe ne masu nisa, amma injin ban-ruwan da nake shayar da albasa da shi ma yana da ɗan rabonsa. Na ji wannan. Da kana nan da ka ce ai ka hana ni sayen injin, ko da yake kai tsadarsa ka gani.

Shamuwa dai ta zo bana kamar kullum. Ita ba wanda ya kai ta wurin motar.

To ga abin da na yi. Ban fita da sungumi ba. Ruwa ya sauka sau biyu ina zaune, Malam Sani maƙwabcinmu yana tambayata ko na yi ritaya ne. Sai da ƙasa ta jiƙu har tsawon hannu na shuka, babbar gonar kuwa, irin malaman gona na sa mata, mai saurin nuna. Na Baba na raba shi biyu. Mudu ɗaya na shuka a bayan gida, inda guga ke kaiwa in sama ta ƙi. Ɗayan na aika wa ɗan'uwanmu, ɗan Inna Kulu, a Kajiji, don kada ya zama gona guda ce ke riƙe da shi.

Na san ba za ka so ba. Ni ma da na wuce gonar na ga baƙon gero a kunyoyin da ka yi shekara arba'in kana bi, sai da na kau da kai. Amma tsofaffin garinmu suna ta tahowa wurinku ɗaya bayan ɗaya, kuma ka san bakinsu. Na fi son ka ji daga gare ni.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa ka da Baba da Inna a gidan da ba a jiran ruwa. Mu kuma Ya ba mu damina mai albarka, Ya raya abin da na shuka.

Ƙanenka,
Mamman