Tarin da Aka Haramta a Makarantar Masu Gadi

Zuwa ga:
Mai Girma Daraktan Lafiyar Jama'a,
Ma'aikatar Lafiya.

Daga:
Yayar wani ɗalibin makarantar horar da masu gadi,
mai jinyarsa a Ɗakin Maza, Babban Asibiti.

Kwanan wata: 19 ga Maris

Ranka ya daɗe,

GAME DA: Rahoton ƙwayar bitamin D da ofishinka ya yaba, da dukan da aka yi wa ƙanena kafin a samu rahoton

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon ka yi haƙuri da karkacewar rubutuna. A kan cinyata nake yin sa, a gefen gadon ƙanena, wanda muke kira Auta. Ya shiga makarantar horar da masu gadi ta wani kamfani mai zaman kansa a farkon Janairu, da ƙafarsa, yana ta yi mana fankama da sabon kaki. Ranar 9 ga Maris aka fito da shi kwance a bayan motar ɗaukar kaya. Ga ƙorafina:

1. Lokacin da suka shiga, murar nan mai zazzaɓi ta game gari. Shugaban makarantar, wanda suke kira Kwamanda, ya tara ɗalibai ya sanar cewa ya gano bakin zaren: ƙwayar bitamin D guda kowace safiya, kuma duk wanda ya sha, ƙwayar cutar bairos ba za ta kusance shi ba. Ya soke allurar rigakafin da aka shirya musu, ya mayar da ɗakin keɓe marasa lafiya sito. Ni ba ni da faɗa da ƙwayar, ranka ya daɗe. Faɗana da dokar da aka ɗora a kanta ne.

2. Dokar ita ce: tunda a wurin Kwamanda ƙwayar ba ta kuskure, duk wanda ya yi tari ko atishawa, to bai haɗiye tasa ba, tofarwa ya yi. Wato rashin lafiya ya koma rashin biyayya. Aka damƙa hukunci a hannun malamin fareti, wanda ɗalibai ke kira Guduma, kuma ba don ya iya aikin kafinta ba. Tarin farko, tsallen kwaɗo a kan tsakuwa. Na biyu, kulki a gadon baya.

3. Ɗalibai ba wawaye ba ne, nan da nan suka koyi darasin. Mai tari ya cusa hularsa a baki. Wani ya ruga banɗaki ya buɗe famfo don ƙarar ruwa ta rufa masa asiri. Masu zazzaɓi suka riƙa tsayawa fareti a tsakiyar layi, abokai na tokare su da kafaɗa. Auta bai faɗa mana komai ba. Idan na kira shi na ji muryarsa a dushe, sai ya ce ihun fareti ne, ni kuma na yarda.

4. Ranar 9 ga Maris da safe, tarin ya fi ƙarfinsa a filin fareti. Mai dafa abincin makarantar ta ga komai ta tagar kicin, ita ta kira ni, kuma a shirye take ta maimaita a gaban kowa. Guduma ya finciko shi da kwalar riga, ya durƙusar da shi, ya matse masa haɓa, ya zazzage masa ƙwayoyi a baki har ya shaƙe. Da ya amayo su, sai aka ce ga shaida nan, dama tofarwa yake yi. Guduma ya sharara masa mari a kunnen hagu, ya rufe shi da kulki, da ya faɗi kuma ya bi shi da takalmi a haƙarƙari. Sauran ɗalibai suna tsaye ƙyam, an hana su ko juya kai. Guduma bai daina ba sai da jini ya fito ta bakin yaron. Kwamanda yana kan barandar ofishinsa, kofin shayi a hannunsa.

5. A asibiti, hoton ƙirji ya nuna haƙarƙari biyu sun karye, dodon kunnensa ya fashe, murar kuma ta riga ta sauka huhu ta zama nimoniya. Makarantar ta shaida wa asibiti cewa daga katanga ya faɗo wajen atisaye. A wannan ɗakin akwai wasu ɗalibanta guda uku, su ma wai katanga. Na duba bayansu da idona. Ban taɓa ganin katangar da ke barin shatin kulki ba.

6. Ranar 12 ga Maris, ina riƙe da kwanon da Auta ke tofa jini a ciki, na ji a rediyo ofishinka ya yaba wa makarantar. Wai rahotonta ya nuna ba a samu mai mura ko ɗaya ba tun da aka fara shan ƙwayar, kuma ana duba yiwuwar kai tsarin makarantun kwana. Ranka ya daɗe, raina ya ɓaci. Na tambayi likitar da ke duba shi ko da gaske ƙwayar tana hana kamuwa. Ta ce a binciken ƙwarai, raba mutane ake yi gida biyu, a ba wasu ƙwayar gaske, wasu kuma mai kama da ita wadda ba komai a ciki, sannan a ƙirga marasa lafiya a kowane gida. Ta ce sakamakon irin waɗannan bincike bai zo ɗaya ba: wasu sun ga ɗan amfani, musamman ga wanda jikinsa ke da ƙarancin sinadarin, wasu manyan binciken kuma ba su ga kariya ba. Ba wanda ya ce ta maye gurbin rigakafi. A rahoton Kwamanda kuwa babu gida na biyu, babu gwaji, babu likita. Mai ƙirga masu tarin shi ne mai riƙe da kulkin.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon a dakatar da kai wannan tsari ko'ina. A tura likitoci su duba ɗaliban ɗaya bayan ɗaya, a ɗaki rufe, babu malami a kusa, kuma a ce su cire riga. A maido da rigakafi da ɗakin keɓewa. A miƙa Guduma da wanda ya ɗaure masa gindi ga 'yan sanda, ni kuma zan je ko'ina aka kira ni.

Roƙo na ƙarshe na gaggawa ne. Likita ta ce huhun Auta ba zai washe ba sai ya yi tari ya fitar da abin da ke ciki, duk zafin haƙarƙarin. Nas ta lallashe shi, ni ma na lallashe shi, har na yi masa tsawa. Amma da tarin ya taso, sai ya cusa bakin zanin gado a bakinsa, ya danne, idonsa a kan ƙofa. Ni yayarsa ce kawai, maganata ba ta kai ta mai kaki ba. Ina roƙonka ka turo babban jami'i, ya zo da kakinsa a jiki, ya tsaya a gaban gadon nan ya shaida wa ƙanena cewa an ba shi izinin yin tari.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci. Ka huta lafiya.

Taka mai biyayya,
Yayar Auta,
a gefen gadonsa, Ɗakin Maza.