Na Dunƙule Hannu, Amma Suna Jiran Wata Mota

Zuwa ga Malama Rosalind,

Ina roƙonki ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da tsawon wannan wasiƙa. Na gwada taƙaita ta, sai na lura cewa duk abin da na cire shi ne wanda zai hana ki ɗauke ni mai taɓin hankali. Ni magidanci ne, na haura hamsin, ina aiki a ɗakin gwajin ruwan sha na garinmu. Ba na shan barasa, kuma ban taɓa ganin abin da ba a iya aunawa ba. Har yanzu ma ban gani ba. Wasu ne suke gani, su zo su faɗa mini.

Motata ta hawan dutse ce, mai inji silinda huɗu. Da ita nake zuwa aiki, da ita nake kai matata Maxine cefane da coci, kuma idan ƙanƙara ta narke, da ita nake hawa hanyoyin tsofaffin mahaƙan azurfa da ke saman garin. Na zaɓe ta ne bayan dogon nazari, domin ba ta cin mai a cikin gari. Aibinta kuwa na san shi tun kafin in saya: can sama, inda iska take yin ƙaranci, numfashinta yakan yanke, sai an lallaɓa ta da ƙaramar giya. Duk abin da na sani game da tuƙin dutse, daga ƙasidun hukumar gandun daji da littafin motar na koye shi.

Yayana Wendell, Allah ya jiƙansa, bai taɓa buɗe ƙasida ba. Tsohuwar jar mota gare shi mai silinda takwas, wadda ake jin gurnaninta tun daga ƙarshen layi. Shi ya sa wa tawa suna keken ɗinki, ni kuma Farfesa. Yakan leƙo ta taga ya ce, “Kai Farfesa, taka keken ɗinkin nan mu tafi mana, ko sai ka duba a shafi na nawa aka ce a taka?” Tun da ƙa’ida ta ce mota mai rauni ake sawa a gaba, don mai ƙarfi ta jawo ta idan ta maƙale, ni ne kullum a gaba, shi a baya. Idan na tsaya shan numfashi a wani tudun dutse mai kama da matakala, sai ya matso ya ɗan tunkuɗe ni da bambar gaban motarsa, yana dariya. Na sha gaya masa cewa babu ƙasidar da ta yarda da haka.

Kin san al’adar hanyoyin nan namu, waɗanda mota biyu ba sa iya giftawa sai ɗaya ta raɓe a bakin kwazazzabo. Mai wucewa yakan ɗaga wa wanda ya raɓe yatsu, adadin motocin da ke bayansa, na ƙarshe kuma ya nuna dunƙulallen hannu, ma’ana babu kowa, hanya taka ce. Shekara wajen ashirin ina ɗaga yatsa ɗaya, Wendell yana dunƙulewa.

A watan Janairu zuciyarsa ta tsaya yana kwashe ƙanƙara a ƙofar gidansa. Muka binne shi. Da hanyoyi suka buɗe a Yuli, sai na hau ni kaɗai. Na sani kowace ƙasida ta hana, amma ban iya jure tunanin ganin wata motar a madubina ba.

A hawan farko, wata baiwar Allah a mota mai lambar jihar Texas ta raɓe mini. Na nuna mata dunƙulen hannu, na wuce. Ta madubi na ga ba ta motsa ba, tana kallon hanyar da na baro, har kwanar hanya ta raba mu. Da yamma na same ta a shagon kofi da ke gindin dutsen. Ta nuna ni da cokali ta ce, “Yawwa, ga shi nan. Baba, ina ɗayan naka? Ka ɗaga mini yatsa ɗaya, na zauna a bakin rami ƙafata a kan birki har ta sage, ko kare bai biyo ka ba.” Na ce mata dunƙulewa na yi. Ta ce, “To sai dai in hannunka bai ji umarnin ba.” Mutanen shagon suka yi dariya. Na ba ta haƙuri, domin wannan yana da bayani: hannu ya saba.

Na ɗauki mataki. Na yi ta gwada dunƙulewa a gareji, ina zaune a kujerar direba, taga a buɗe. Daga nan na ɗauko safar hannu ta sanyi, irin wadda take haɗe yatsu huɗu wuri ɗaya, don kada yatsa ya iya fita shi kaɗai ko da ya so. Da ita na hau a makon da ya biyo, rana tsaka, zafi yana dukan gilas, sama ba ko gajimare.

Wani dattijo mai farin gemu ya raɓe mini a inda hanyar ta fi matsewa. Na fitar da hannun da kyau, na kalle shi da idona, a dunƙule yake. Dattijon ya gyaɗa kai. Amma shi ma bai motsa ba. Ta madubi na ga ya ɗaga hannu yana gaisuwa, fuskarsa a sake, yana bin wani abu da kallo daga hagu zuwa dama, a hankali, daidai tafiyar mota a ƙaramar giya. Na duba madubin tsakiya, na duba na gefe. Hanya ce kawai da duwatsu, sai ƙurar da na tayar.

Da ban neme shi ba da ya fi mini. Amma na sauko na same shi a shagon, na tambaye shi cikin ladabi me ya tsaya jira. Ya ce, “Ai na ga ka dunƙule, amma da na hango jar motar nan a bayanka sai na ce ka manta lissafi ne. Mai jar motar kam ya dunƙule mini yadda ya kamata, yana ta washe baki. Ka ce masa ya gyara fitilarsa ta hagu, kafin ’yan sanda su gyara masa.” Malama, Wendell ya fasa fitilar hagu a kakar bara, ya ce zai gyara idan sanyi ya wuce.

Daga shagon gidan Corinne na nufa, matar marigayin. Na ce mata igiyar jan mota na zo ara. Jar motar tana cikin gareji yadda ya bar ta, an cire batir, tayoyi sun saki, ƙura ta kwanta a bonet ba ko sawun yatsa. Na tsaya na saurara, ban san me nake saurare ba. Ban gaya mata komai ba.

Akwai saura. A hawan ƙarshe da na yi, motar ta yanke numfashi a tudun nan mai kama da matakala, ta fara ja da baya kaɗan kamar yadda ta saba. Kafin in kai ƙafa birki, sai na ji an tunkuɗe ni daga baya, a hankali, sau ɗaya. Motar ta haye. Na san littafin ya yi bayanin yadda taya take kama dutse bayan ta zame, na karanta sashen sau da yawa. Ba haka abin ya yi a bayana ba. Yanzu ko a cikin gari, a mahaɗar da kowa yake tsayawa a wuce bi da bi, nakan ga wanda ya ba ni hanya ya ƙara ɗan jinkiri bayan na wuce. Wataƙila haka mutane suke yi tun da, ban lura ba ne.

Na gaya wa Maxine duka. Ta ce, “Ka sayar da motar nan, ka sayi mota irin ta mutane, wadda za ta je aiki ta dawo gida ita kaɗai.” Tun ranar ba ta sake shiga ba. Ta samo mai saye, wani matashi ɗan abokiyar aikinta, matarsa tana da ciki, kuma ƙarshen watan nan suke son amsa.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Idan ni ake bi, sayarwa ba ta da amfani. Idan motar ake bi, to na miƙa wa yaran mutane abin da ban rubuta a takardar ciniki ba. Kuma akwai na uku, wanda nake jin kunyarsa: idan motar ake bi, na bar yayana yana bin baƙi a kan dutse, mutanen da ba su san su ɗaga masa yatsa ba. In sayar, ko kada in sayar? Ki taimake ni.

Naki,
Mai Bin Ƙa’ida, daga yammacin Colorado

*

Malam Mai Bin Ƙa’ida,

Da farko ina yi maka ta’aziyya. Allah ya jiƙan yayanka, ya ba ku haƙuri. Ban ɗauke ka mai taɓin hankali ba. Na ga mutum ne da ya rasa abokin tafiyarsa, bai kuma ba kansa damar zama ya yi kuka ba, sai gwajin hannu a gareji.

Mu fara da abin da ake aunawa, tun da nan ka fi ƙarfi. A makon nan ka kai motar wurin makanike ya duba salansa tun daga inji har baya. Motar da ke gogar duwatsu takan huje a ƙasa, iskar gubar da ke shigowa ciki kuma ba ta da wari, tana rikita kai, balle a can sama. Kai ma ka je likita ya duba zuciyarka da jininka. Ciwon da ya ɗauke Wendell yakan bi dangi, kuma ban ga inda ka ce an duba ka ba.

Batun matar Texas ka riga ka warware shi da kanka. Na dattijon kuwa, jajayen motoci masu fasasshiyar fitila sun cika duwatsun nan, kwana da ƙura kuma suna ɓoye mota a madubi. Mai yiwuwa wani ne ya biyo ka ya ratse a wata hanya. Amma ba zan yi maka ƙarya in ce na san abin da ya gani ba. A nan na girma, na ji irin wannan daga bakin mutanen da ba sa wasa. Abin da na lura da shi kawai, a duk wasiƙarka babu inda abin nan ya cuce ka.

Wanda zai iya cutar da kai shi ne hawa kai kaɗai, kana kallon madubi a bakin kwazazzabo. A nan Maxine ta fi ka gaskiya. Ba jar mota take tsoro ba. Ta ga yadda Corinne ta koma, tana kuma kallon mijinta yana fita da safar sanyi a tsakiyar Yuli. Sai dai ita ma ta yi gaggawa. Motar da aka sayar cikin firgici, tsoron ba ya bin mai saye, a gida yake zama.

Don haka kada ka sayar a watan nan. Ka gaya wa matashin gaskiya cewa ba ka shirya ba, ya nemi wata idan ba zai iya jira ba. In ranar sayarwa ta zo, haƙƙinsa a kanka shi ne gaskiyar inji da birki da taya. Makokinka ba ya cikin ciniki.

Ka koma wurin Corinne, ba da sunan aron igiya ba. Ka zauna ka gaya mata kana kewarsa. Sauran labarin ka duba fuskarta tukuna, in ta iya ɗauka ka faɗa.

Kada ka sake hawa kai kaɗai, ko sau ɗaya. Garinku ba ya rasa ƙungiyar masu hawan dutse. Ka shiga cikinsu, su sa ka a gaba, mai rai ya biyo bayanka, don yatsan da za ka ɗaga ya zama gaskiya. Kafin ƙanƙara ta rufe hanya, ka roƙe su su bar ka ka zama na ƙarshe rana ɗaya, da sharaɗin na gabanka ba zai ɓace maka ba. Ka roƙi Maxine ta zauna a gefenka, ka gaya mata dalili, ka kuma yi mata alkawari cewa bayan wannan tafiyar ku biyu za ku yanke hukuncin motar, kuma muryarta daidai take da taka. Aikin yayanka ne za ka karɓa a ranar. Wani dole ya riƙe shi, kuma kai ne ka saura. Ka bar safar a gida.

Idan ka dunƙule hannu a ranar, wanda ya raɓe kuma ya ci gaba da jira bayan kun wuce, ka bar shi ya jira. Kada ka leƙa madubi, kada ka neme shi a shagon kofi. Ka riƙe sitiyari da hannu biyu, ka sauko da matarka gida.

Allah ya sanyaya zuciyarka, ya kiyaye hanya, ya ba gidanka lafiya.

Rosalind